Murhun Illa Mai Kallon Gabas

Ranar da ƙanena Illa ya mirgino tsohon farantin parabol, irin na kama tashoshin talabijin, zuwa gidana, sai da aka cire ƙyauren zaure kafin abin ya shiga. Ina zaune ina gyaran wake. Ya jingina shi a jikin rumbuna, ya tsaya yana haki.

Na ce, "Koma ka yi sallama."

Ya koma, ya yi, ya dawo.

"Yaya Tanna, yau Allah ya kawo ƙarshen itace a Matameye."

"Wa ya ce maka itace ya yi laifi?"

"Da wannan farantin zan dafa wa garin nan abinci da hasken rana. Ba itace, ba gawayi, ba kara. Daga nan sai Damagaram, daga Damagaram sai Yamai, daga Yamai sai inda jirgi ya gaji ya sauke ni."

Illa shekararsa hamsin da bakwai. Ni na goye shi, saboda haka na san nauyin kansa tun yana jariri, kuma har yau ban ga an ƙara komai a ciki ba. Ya yi shekara huɗu yana gadi a wani gidan bincike a Yamai, inda ake auna ƙasa da ruwa. Aikinsa ya buɗe ƙofa mota ta shiga, ya rufe. Ya dawo gida da tabarau, da farar riga irin ta likitoci wadda aka jefar don ta yage ta baya, da sunan Injiniya wanda shi ya raɗa wa kansa. Ni ya kawo wa rigar in yi mata faci. Ba ni da farin ƙyalle, na sa baƙi, faɗin tafin hannu biyu, daidai wurin zama. Ya yi ƙorafi. Na ce in bai so ba ya kwance ya yi yawo da yagar.

Abin da ya tayar masa da wannan ciwon kuwa jikata ce, Najaha, wadda nake riƙo tun rasuwar uwarta. Shekararta ta uku ke nan a kolej. Malamarsu ta kimiyya, Madam Anisa, ta ware 'yan mata shida tana koya musu wani abu bayan an tashi daga lakwal, wato makaranta. Da farko ban yarda ba. Yarinya in an tashi, gida. Na ɗauki mayafi na je da kaina in ji dalili.

Na iske su tsugune a rana da kwalaye. An shafe cikin kowane kwali da takardar nan mai ƙyalli, an rufe bakinsa da gilashin taga, a ciki ga ƙaramar tukunya baƙa ƙirin. Na tambayi dalilin baƙin. Najaha ta ce baƙin abu shi ke shan zafin rana, fari korar sa yake yi. Madam ta buɗe ɗaya, ta ciro ƙwai ta miƙo mini. Na fasa. Ya dahu har gwaiduwa. Na ɗaga kwalin na duba ƙarƙashinsa, na duba bayansa, ba toka ba garwashi. Macen da ta yi shekara arba'in tana ɗauko itace daga daji a ka ba ta bukatar dogon bayani. Na ce yarinya ta zauna, amma kada magariba ta same ta a waje.

Ana nan sai takarda ta zo daga Damagaram. Za a yi babban taro na jaha, 'yan lakwal da masu sana'a su nuna wa jama'a abin da suka ƙera, kowane gari ya aiko da ƙungiya ɗaya. Madam ta rubuta sunayen 'yan matanta. Najaha ba ta taɓa wuce Kantche ba. Ta wanke kayan lakwal ɗinta sau biyu a mako guda, tun tafiya da saura kwana ashirin.

Illa ya ji labarin a wurin shan shayinsu, inda suke zama da Alhaji Mussa, shugaban kwamitin iyayen yara. Ya ce abin kunya ne gari mai injiniya ya tura 'yan mata da kwalin sabulu. Shi Alhaji Mussa mutumin kirki ne, illa dai duk wanda ya yi masa magana daga ƙarshe shi ne mai gaskiya a wurinsa. Madam ta je da safe ya ce 'yan mata za su tafi. Illa ya je da yamma ya ce Illa zai tafi. Da aka haɗa su gaba ɗaya sai ya yanke: ranar Asabar ta sama, a filin kolej, gaban jama'a, kowa ya ɗora tukunya. Wanda ya ciyar da mutane shi ne na Damagaram.

Najaha ta dawo gida ba ta ci tuwo ba. Na ce ta ci, fushi ba ya dafa wake.

Illa ya fara bin gidajen unguwa yana aron madubi. Kwana uku kawai, in ji shi, don ci gaban ƙasa. Mata suka ba shi. Maƙwabciyata Sa'a ta ciro nata babba mai furanni a gefe, wanda mijinta ya kawo mata daga Kano. Maryama ta ba shi biyu. Rukayya ta ba shi wanda ta gada wurin uwarta. Ni na hana nawa. Ya jira na tafi ta'aziyya Kurni, ya shiga ɗakina ya sauke shi daga bango.

Na dawo tun daga bakin zaure nake jin ƙas, ƙas, ƙas. Na shiga na iske shi zaune a tsakar gidana da taɓaryata, madubin unguwa gaba ɗaya a kan tabarma, yana farfasa su ƙanana ƙanana kamar mai fasa kanwa. Kafin in buɗe baki, kan Sa'a ya leƙo ta katanga.

"Injiniya, ƙarar me nake ji?"

"Aiki ne, Sa'a. Ba na mata ba ne."

"Wancan furen da ke ƙasa ba na madubina ba ne?"

"Madubinki yana nan, bai je ko'ina ba. Da ɗaya ne, yanzu ya zama arba'in. Ke ce da riba."

"Riba? In ga hancina a ɗaya, in je neman bakina a wani?"

"Ke ba ki san yadda ake yi a Yamai ba."

"A Yamai ƙofa kake buɗewa, Illa! Duk garin nan mun sani!"

Ta tsallako, ban san ta iya tsallake katanga ba sai ranar. Maryama da Rukayya suka shigo ta ƙofa. Sai da ya rantse musu cewa gwamna zai saya wa kowace madubi mai tsawon mutum, sannan suka saki wuyan farar rigar. Ni kuwa na karɓi taɓaryata, na duba kanta, na dube shi. Ya matsa can nesa.

Saura manna gutsattsarin a cikin farantin. Ya dama ƙullun rogo ya manna su ɗaya bayan ɗaya, tun hantsi har la'asar, ya bar shi ya bushe, ya tafi shan shayi. Awakina uku suka zo suka lashe ƙullun tas. Zakarana ya zo ya leƙa, ya ga zakaru ɗari suna kallonsa, ya faɗa musu da faɗa har ya fasa baki. Illa ya dawo ya iske madubansa a ƙasa cikin kashin awaki.

"Yaya, dabbobinki maƙiyan ilimi ne."

"Dabbobina sun san abinci in sun gani. Kai ka zuba musu."

Washegari ya zo da kwalta a gwangwani. Ya ɗauki tukunyar miyata ya narka ta a ciki. Itacen da ya ƙona a wannan narkin ya isa in yi tuwon mako guda. Mai kawo ƙarshen itace a Matameye da nawa ya fara, kuma ya kai shi ƙarshe. Tukunyar har yau kaji ke shan ruwa a ciki.

Da ya gama mannawa, da yamma ne, ya juya farantin kudu ya sa hannu a gabansa. Ba komai. Ya juya shi arewa. Ba komai. Yamma kuwa inuwar katanga ce da bishiyar dalbejiya, bai ko gwada ba. Ya tafi gida yana cewa na'ura ce, sai ta huta.

Ranar Lahadi da hantsi ya dawo. Ya ce ya gano kuskuren: duk abin alheri gabas ake fuskantar da shi. Ya daidaita farantin da inda nake shimfiɗa tabarmar sallata. Daidai nan limamin unguwarmu, Malam Yunus, ya yi sallama ya shigo gaishe ni, ya aje butarsa ta roba a kan turmi gaban farantin. Muna cikin gaisuwa, ya ɗaga hanci.

"Iya Tanna, wa ke ƙona roba a gidan nan?"

Muka waiga. Wani haske fari fat ya taru a cikin butar, ta lotsa, ta huje, ruwa yana tsiyaya a kan turmi.

Illa ya yi tsalle har tabarau ya faɗi. "Alƙibla ce! Wallahi alƙibla ce! Kudu ya ƙi, arewa ya ƙi, gabas ya karɓa!"

Malam ya ɗaga butarsa da yatsa biyu. "Illa, alƙibla ta salla ce. Wannan kuma butata ce."

"Malam, kai da kanka ka zama shaida."

"Shaidar an ƙona mini buta, i."

Najaha tana wanke-wanke a gefe. Ta ce, "Kaka, rana yake bi. Yanzu tana gabas shi ya sa. In ta juya sai ka juya shi. Mu ƙusa muka kafa a kan kwali, muna duba inuwarta, in ta karkace mu gyara."

"Ji 'yar jikalle! Da aka haifi uwarki ina da gemu. Naku na kwali shi ke yawo yana bin rana kamar akuya da mai dusa. Nawa na ƙarfe ne, ya san inda ya dosa."

Na ce, "Illa, ni ban yi lakwal ba. Amma shekara hamsin ina shanyar kuɓewa, kuma inda na shimfiɗa ta da hantsi ba nan nake barin ta da la'asar ba."

"Yaya, kimiyya ba kuɓewa ba ce."

Ya ɗora farantin a amalanke ya kai wa Isufu mai walda, ya yi masa ƙafafu uku da hannun ƙarfe na riƙe tukunya. Isufu da kansa ya ba ni labari. Ya ce ya tambaye shi, "Injiniya, in sa masa abin juyawa?" Illa ya ce, "Ka taɓa ganin an juya masallaci?" Isufu ya ce shi mai walda ne, ba mai gardama ba, ya liƙe shi gam.

Aka kai shi filin kolej. Illa ya kira yaran gari suka haƙa ramuka uku, ya binne ƙafafun, ya daɓe da laka da duwatsu, farantin yana kallon gabas. Kullum da hantsi sai ya tara abokan shayinsa ya ƙona musu takarda, ya ƙona kara, ranar nan har ya ƙona gefen takalmin Alhaji Mussa, Alhaji yana ta mamaki yana cewa lalle Allah ya yi wa garin nan baiwa. Da sun watse sai ya rufe shi da tabarmi biyu ya ɗaure, wai kada a sace masa fasaha. Saboda haka bai taɓa ganin fuskar abinsa bayan azahar ba.

Asabar ta zo, tsakiyar bazara, rana tun da safe ba wasa. An ce taro ƙarfe goma. Mutane suka cika filin, har daga Kurni da Ichirnawa. Aka kafa wa manya rumfa. Mu mata muka zauna a inuwar ajin ƙarshe.

'Yan mata shida sun zo tun ƙarfe tara. Suka jera kwalayensu, kowanne da shinkafa da waken da aka jiƙa tun jiya, suka rufe. Bayan ɗan lokaci sai ka ga ɗaya ta duƙa ta duba ƙusa, ta ɗan juya kwali, ta koma ta zauna.

Illa ya iso da farar riga da tabarau, 'yan dako biyu na biye da shi da babbar tukunyata ta biki, wadda ita ma ban ba shi ba. Aka cika ta da ruwa da wake tiya biyu. Amma ya ƙi kwance tabarmi.

"Sai wakilin perfe, mai mulkin yankin nan, ya zo ya zauna. Ba a buɗe irin wannan a gaban 'yan kallo kawai."

Ƙarfe goma ta yi, ba wakili. Sha ɗaya ta yi. Madam Anisa, yarinya mai ladabi, ta taka har wurinsa.

"Baba Illa, da ka ɗora yanzu. Rana tana tafiya."

"Madam, koma ki yi rainon kwalayenki. Nawa ba ya bukatar raino. Kafin a ƙirga ɗari ya tafasa."

Ya bi layin 'yan matan yana leƙawa, hannu a baya. "Wannan na sabulu ne? Wannan na taliya? To, in an je Damagaram sai a ce Matameye ta aiko da shara."

Najaha ta sunkuyar da kai. Na ga tana cizon leɓe.

Motar wakili ta shigo rana tana tsaka. Aka yi gaishe-gaishe. Direktan kolej ya yi jawabi da Faransanci, ya sake da Hausa. Alhaji Mussa ya yi nasa, ya gode wa kowa da sunansa har da mai kawo kujeru. Wakili ya tashi ya ce ba zai tsawaita ba, ya tsawaita. Yana zama aka kira azahar. Maza suka tafi masallaci, muka yi tamu a cikin aji. Kafin a sake taruwa inuwar rumfa ta koma ɗaya gefen, har an ja kujerun manya an bi ta. Kowa ya ga an ja kujerun nan. Illa ma da hannunsa ya taya jan ta wakili.

Sannan ya karɓi mikoro, abin ƙara murya.

"Jama'ar Matameye! Yau za ku ga abin da Turawa suka ɓoye muku, ni na gano shi a Yamai. Mata, ku yi bankwana da hayaƙi. Masu sayar da itace, ku nemi wata sana'a!"

Aka kwance tabarmi. Aka ɗora tukunya a hannun ƙarfe. Farantin yana kallon gabas, rana tana bayansa, cikinsa duhu kamar bakin rijiya.

"Ku ƙirga ɗari!"

Jama'a suka ƙirga da ƙarfi, yara suna tsalle. Aka kai ɗari. Illa ya ɗaga murfi, ya mayar da sauri.

"Kun yi sauri. A Yamai a hankali ake ƙirgawa. Ku sake."

Aka sake. Sa'a ba ta jira izni ba, ta taso ta tsoma yatsa.

"Wallahi ya fi na randata sanyi. Injiniya, ko na'urar sanyaya ruwa ka ƙera? In haka ne a kawo kofi."

Fili ya ɗauki dariya.

"Inuwar mata ce ta tare shi! Ku matsa baya!"

Muka matsa, ko da yake tsakaninmu da shi ya kai taku talatin. Aka ƙirga ɗari na uku.

"Akwai madubin da ya ɓata sauran," in ji Illa, gumi yana bin tabarau. "Madubin da ya saba ganin ɓacin rai ba ya ba da haske. Na Rukayya ne, na san shi."

Rukayya ta miƙe. "Shekara sittin madubin nan yana gidanmu lafiya. Fuskarka ya gani sau ɗaya ya tarwatse!"

Wani dattijo daga Ichirnawa ya ɗaga murya, "Injiniya, ko mu je gida mu dawo gobe da hantsi? Sai dai ka ba mu abin da za mu ci a hanya."

Illa ya juya wurin liman. "Malam Yunus, don Allah zo ka duba mini. Ina jin yara sun karkatar da shi daga alƙibla."

Malam bai ko tashi daga kujera ba. "Alƙibla tana nan inda ka bar ta, Illa. Rana ce ta tafi."

A lokacin nan ƙamshin shinkafa da wake ya fara tasowa daga kwalayen. Mutane suka fara juya wuya. Na ce a raina magana ta ƙare. Sai kawai na ji muryar jikata tana yi wa Illa magana.

"Kaka, a tumɓuke shi a juya shi yamma. Zai yi. Har yanzu da sauran rana."

Na ji kamar in taso in make bakinta. Ni na ga abin da farantin nan ya yi wa butar Malam kafin a gama gaisuwa. In aka juya shi ruwan nan ya tafasa gaban wakili, Alhaji Mussa ba zai jira wake ya nuna ba, zai ce Illa. Yarinya ta ɗauki kujerarta ta mota ta miƙa wa mahaukaci. Amma gaskiya ta faɗa, kuma ni na hore ta da faɗin ta. Na zauna na riƙe carbina.

Illa ya gyara tabarau. "Dama yanzu nake shirin shiga kashi na biyu na aikin. Yarinyar ta ji ni ina faɗa a gida."

Aka sauke tukunya aka aje gefe. 'Yan dako huɗu suka yi ta fama da ƙafafun da ya daɓe, suna zaginsa ƙasa ƙasa. Da ƙyar suka tumɓuke, hannun ƙarfen ya karye a wurin. Suka juya farantin yamma suka tokare shi da duwatsu. Nan take cikinsa ya haske, har mutane suka kare ido.

Mai hankali da sai ya nemi abin ɗora tukunya. Illa mikoro ya nema. Ya zo ya tsaya a gaban farantin, daidai inda tukunya take zama, ya ba shi baya, ya fuskanci manya.

"Ranka ya daɗe, kamar yadda ka gani, wannan na'ura tana da alƙibla biyu, ta safe da ta yamma. Ni na tsara ta haka tun a Yamai..."

Najaha ta ce, "Kaka, matsa daga nan!"

"Kun ji ko? Na ba ta ilimi, yanzu wurin tsayuwata take so."

Daga inda nake zaune ina ganin bayansa. Hasken nan ya tattaru wuri ɗaya, ya sauka a kan facin da na ɗinka da hannuna. Baƙin abu shi ke shan zafin rana. Ban manta ba.

Wani siririn hayaƙi ya tashi.

Yara suka fara ihu, "Hayaƙi! Hayaƙi!"

Illa ya ɗaga hannu yana murmushi. "Kun gani? Ban gaya muku ba? Ko tukunya ba a ɗora ba ya fara!"

"Injiniya, bayanka!"

"Na sani, duk kuna bayana, na gode. Wannan nasara ba tawa ce ni kaɗai..."

Bai ƙarasa ba. Ƙarar da ya yi a cikin mikoro, masu jiran mota a tasha sun ce sun ji. Ya yi sama, ya dire, ya zagaya farantin sau biyu yana dukan bayansa da hula, sannan ya hango tukunya. Ya faɗa ciki da mazaunai. Ruwa da wake suka fallatsa har kan takalmin wakili. Muka ji cuuu.

Sa'a ta ce, "Alhamdu lillahi. Yanzu dai ruwan ya ji ɗumi."

Ya yunƙura ya tashi, tukunya ta ƙi sakinsa. Ƙafafu a sama, tabarau a kunne ɗaya. Ana cikin haka kwaltar ta ji rana ta narke, gutsattsarin madubi suka fara zamewa suna zubowa ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Matan unguwa suka ruga da bakin zane, kowace tana cewa wannan nata ne.

Madam Anisa ta bari hayaniya ta lafa, sannan ta ce wa 'yan matanta su buɗe. Tururi ya tashi daga kwali shida. Aka zuba a faranti, aka sa mai da yaji, aka kai rumfa. Wakili ya ci, ya ƙara. Ya kira Najaha ya tambaye ta aikin ƙusar, ta yi masa bayani, ba ta yi kuskure ba. Matan Kurni suka kewaye Madam suna tambayar inda ake samun gilashin.

Alhaji Mussa ya miƙe da loma a baki zai yanke hukunci. Sai murya ta fito daga cikin tukunya.

"Alhaji! Ka dai ga nawa ya kama wuta. Nasu ya taɓa kama wuta? A Damagaram ƙarfi ake dubawa!"

Alhaji ya tsaya da tauna. Ya dubi farantin, ya dubi kwalayen. "To, wannan ma magana ce. Gaskiya ƙarfi kam..."

Ban saba magana a gaban maza ba, amma na tashi. Na taka har bakin rumfa.

"Alhaji Mussa, me ka ce ranar nan? Wanda ya ƙona wando, ko wanda ya ciyar da mutane?"

"Wanda ya ciyar, Iya."

"Abin da ke bakinka na wane ne?"

Ya haɗiye. "Na yaran ne."

"In na Illa kake so, ga shi can yana zaune a ciki. A zubo maka?"

"A'a, Iya."

"To faɗi, kowa ya ji."

Ya faɗa a mikoro: 'yan mata shida da malamarsu su ne na Damagaram. Illa ya buɗe baki. Na juya na dube shi, irin kallon da nake yi masa tun yana rarrafe. Ya rufe. Na tsaya a wurin har aka yi addu'a aka watse, don kada wani ya yi wa Alhaji magana bayana.

Ranar Alhamis na raka Najaha tasha. Na ce ta riƙe salla, ta riƙe kwalinta a cinya, kada ta bari a ɗora masa buhu. Ta rungume ni a gaban mutane. Na ce ta sake ni, ba a haka.

Illa ya yi kwana tara yana kwanciya rub da ciki. Da ya tashi, na sa shi ya bi gida gida da ƙwarya yana mayar da madubi. Nawa rabon faɗin yatsa uku ne. In zan sa kwalli sai in duba ido ɗaya, in matsar in duba ɗayan.

Da suka dawo daga Damagaram, Madam Anisa ta zo duba shi. Ta ce farantin nan yana da ƙarfi ƙwarai, in aka sa masa abin juyawa zai dafa tuwon gidan biki, kuma in yana so ya riƙa zuwa ranar Laraba 'yan matan su nuna masa yadda ake bin inuwar ƙusa. Ya ce zai duba ko yana da lokacin taimaka musu. Na ce yana da shi. Yanzu duk Laraba yana can bayan aji, Najaha tana gaban allo. A tsaye yake ɗaukar karatun. Ya gaya wa yaran wai injiniyoyin Yamai ba sa zama.

Jiya ya kawo mini farar rigar in sake mata faci. Yanzu ina da farin ƙyalle, har yadi guda.

Na sa baƙi.